Ƙarkon Gidan Faifan CD: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani Kafin Ya Zuba Jari

A harkar faya-fayan CD babu kayan da ake rainawa kamar gidan robar da ake saka faifan a ciki, kuma babu wanda ya kai shi haddasa jayayya tsakanin mai ba da sari da mai karɓa. Sau da yawa akan buɗe kwali bayan doguwar tafiya a tarar faya-fayan lafiya lau, amma murafen gidajensu sun tsattsage, wasu kuma sun rabu biyu. Mai saye ba ya karɓar kaya a fasasshen gida ko da faifan bai sami ko ƙwarzane ba, saboda haka asarar takan koma kan mai shago.

Bisa ga yadda aka ƙera shi, wannan gida kaya ne mai daɗewa idan yana jere a kan kanta, amma mai saurin lalacewa idan ya hau hanya ko ya faɗi ƙasa. Dalilin haka yana cikin irin robar da aka zaɓa tun farko, kuma sanin wannan dalili shi ne zai taimaki ɗan kasuwa ya san irin gidan da ya dace da kayansa, da abin da ya cancanci ya biya a kansa.

ASALIN GIDAN

Kamfanin Philips na ƙasar Holan da kamfanin Sony na Japan su ne suka haɗa gwiwa suka fito da faifan CD, wanda ya shiga kasuwa a Japan cikin watan Oktoba na 1982. Faɗin faifan milimita 120 ne, kaurinsa milimita 1.2, kuma yana da huda a tsakiya mai faɗin milimita 15. Wani mai zayyana kaya na kamfanin Philips, Peter Doodson, shi ne ya tsara gidan da za a riƙa sayar da faifan a ciki, wanda Turawa suka laƙaba wa sunan da ke nufin akwatin lu'ulu'u.

Gidan yana da tsawon milimita 142, faɗin milimita 125, da kauri kimanin milimita 10. Kashi uku ne aka harhaɗa: murfi, da gindi, da kuma faranti na ciki wanda faifan ke zama a kai. A tsakiyar farantin akwai zoben ƙananan haƙora waɗanda ke kama faifan ta hudarsa, su riƙe shi yadda fuskar da ake karantawa ba za ta gogi komai ba. Murfin kuma yana da ƴan kunnuwa a gefe da ke riƙe takardar da ke ɗauke da hoton mawaƙi da sunayen waƙoƙi.

Buƙatar kamfanonin waƙa a lokacin ita ce gida mai haske garau kamar gilashi, domin mai saye ya ga hoton ba tare da an buɗe ba, mai tauri da zai tsaya cak a kan kanta, mai arahar ƙira, wanda kuma inji zai iya cusa wa faifai da takarda cikin sauri. Robar da ta cika waɗannan sharuɗɗa ita ce polistirin, wadda aka fara samarwa don kasuwa a Jamus a farkon shekarun 1930. Ana narka tsabarta ne a tura da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, cikin ƴan daƙiƙoƙi murfi ko gindi ya fito.

INDA MATSALAR TAKE

Polistirin tsantsa tana da haske da tauri, amma tana da gautsi. Idan aka ja ta ko aka lanƙwasa ta, ba ta miƙewa fiye da kimanin kashi 3 cikin 100 na tsawonta kafin ta tsage. Wato ba ta san sassauci ba. Ko dai ta jure nauyin da aka ɗora mata, ko kuma ta fashe nan take. Da zarar ƙaramar tsaga ta fara, sai ta yi ta tafiya har ta ratsa murfin.

Wurare uku ne gidan ya fi karyewa. Na farko shi ne hannuwa biyu na murfin da ke aikin hinji. Siraran roba ne da suka miƙo daga jikin murfin, kowanne da ɗan ƙullutu da ke shiga rami a jikin gindin. Idan gidan ya faɗi ta kusurwa, duk ƙarfin buguwar a kan ɗaya daga cikinsu yake sauka. Haka nan idan aka banƙare murfin fiye da kima, ko aka cire shi aka mayar sau da yawa.

Na biyu shi ne haƙoran tsakiya. Duk lokacin da aka ciro faifai ko aka mayar, haƙoran sukan ɗan lanƙwasa, kuma idan aka finciko faifan ta gefe ba tare da an danna tsakiyar da yatsa ba, sai su karye ɗaya bayan ɗaya. A shekarun farko yawancin farantai baƙaƙe ne ko masu ruwan toka, kuma akan yi su da polistirin da aka gauraya da ɗan sinadarin roba mai talewa, wadda ta fi jure bugu amma ba ta da haske. Daga tsakiyar shekarun 1990 aka yawaita yin faranti mai haske domin a ga hoton da ke ƙarƙashinsa. Kyau ya ƙaru, ƙarko ya ragu.

Na uku shi ne fuskar murfin kanta, wadda faffaɗa ce, siririya, ba ta da abin tallafi a tsakiya. Nauyin kwalaye da aka jibga, ko gwiwar ɗan dako, ya isa ya tsaga ta.

Daga cikin ukun, karyewar haƙora ce ta fi haɗari. Tsagaggen murfi muni kawai yake jawowa, amma idan haƙora suka karye faifan yakan saki ya riƙa yawo a ciki tare da gutsattsarin robar, kowace girgiza kuma tana ƙara masa ƙarzuna.

ABIN DA GIDAN KE KAREWA

Jikin faifan CD an yi shi ne da wata roba dabam mai suna polikabonet, wadda ta fi ta gidan ƙarfi nesa ba kusa ba. Waƙar tana rubuce ne a kan layi guda da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, wanda tsawonsa ya haura kilomita 5. A kan wannan layi aka shafa ɗan siririn gorar ruwa mai mayar da haske, aka rufe shi da fenti marar kauri, sannan aka buga suna a kai.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, fuskar da aka buga wa suna ita ce ta fi rauni. Ta ƙasa, hasken na'ura yana ratsa kusan dukan kaurin faifan kafin ya kai ga rubutun, don haka ƙananan ƙarzuna ba su cika hana shi aiki ba, har ma ana iya goge su da inji. Ta sama kuwa, tsakanin rubutun da iska fenti ne kawai. Idan ƙarzuna ta ratsa shi ta kwashe gorar ruwan, abin da ke wurin ya tafi ke nan. Aikin gida nagari shi ne ya hana fuskokin biyu haɗuwa da komai, kuma a wannan fanni gida mai haƙoran tsakiya ya fi ambulan ɗin takarda ko leda.

ZAFI, RANA DA ƘURA

Polistirin tana yin laushi sosai a kusan digiri 100 na ma'aunin santigireti, amma idan akwai nauyi a kanta takan fara karkacewa kafin a kai haka. Gaban motar da aka rufe aka bari a rana yana iya wuce digiri 70, kuma gidan da ya yini a wurin ba lalle ne murfinsa ya sake rufuwa daidai ba. Hasken rana kai tsaye yana mayar da robar ruwan ɗorawa, yana kuma ƙara mata gautsi, abin da ya sa kayan da ake bajewa a tebur a bakin titi suke saurin tsufa.

Man fetur yana narkar da polistirin, kananzir da wasu turaruka kuma suna sa ta dusashe ta yi ƙananan tsage-tsage. Shagon da ke ajiye jarkar man janareto kusa da kaya, ko yaron shago da ke goge tabon farashi da fetur, suna jawo ɓarnar da ba a ganin dalilinta sai daga baya.

Gidan ba ya toshe iska gaba ɗaya. A Arewa, ƙurar hunturu takan shiga ta gefen hinji ta kwanta a kan faifan, idan kuma aka goge ta da busasshen tsumma mai kaushi sai ta zama tamkar yashi. A Kudu matsalar laima ce, wadda ke sa takardar ciki ta kumbura ta yi funfuna. A 2001 wani masani ɗan ƙasar Sifen ya ba da labarin wani nau'in funfuna da aka samu yana cin jikin faifan CD a ƙasar Beliz, inda ake da zafi da laima kamar na gaɓar tekun Nijeriya.

Wani lokaci ma abin da aka saka a cikin gidan ne ke cutar da faifan. Faya-fayan da masana'antar PDO ta garin Blackburn a Ingila ta buga tsakanin 1988 da 1993 da yawansu sun rine sun koma ruwan tagulla, saboda fentin da aka rufe su da shi bai jure sinadarin farar wuta da ke fitowa daga takardun cikin gidan ba. Kazalika, ɗan soson da ake sakawa a gidaje masu ɗaukar faifai biyu ko fiye a shekarun 1980 yakan ruɓe bayan shekaru ya manne wa faifan. Duk wanda ya sami irin wannan soso a tsohon kaya, abin da ya fi shi ne ya cire shi.

SAURAN NAU'O'IN GIDA

Ƙorafin da aka yi ta yi ya sa masana'antu suka fito da wasu nau'o'i, kowanne da ribarsa da aibinsa.

Akwai siririn gida mai kaurin milimita 5.2, wanda aka fi sayarwa tare da faifan da ake ɗaura wa waƙa a kwamfuta. Yana rage wurin ajiya da rabi, amma robarsa iri ɗaya ce da ta babban, kuma ya fi shi rauni.

Akwai gidan kwali mai ninkewa da ake kira Digipak, wanda kamfanin AGI na Amurka ya fito da shi, inda ake manna farantin roba a jikin kwali mai hoto. Ba ya fashewa idan ya faɗi, amma gefunansa suna cinyewa, laima tana lalata shi, kuma idan haƙoransa suka karye ba a iya musanya farantin cikin sauƙi, tun da manne yake. A nan tsohon gidan ya yi masa fintinƙau, domin kowane kashi nasa ana iya cire shi a saka sabo, a mayar da takardun yadda suke.

Akwai kuma Super Jewel Box, wanda Philips na cikin waɗanda suka tsara shi, mai zagayayyun kusurwoyi da hinji mai ƙarfi. Ya magance matsalar faɗuwa ƙwarai, amma tsada da bambancin girman takardunsa sun hana shi maye gurbin na farko.

Wanda ya fi duka juriya shi ne gidan da aka saba gani da faifan DVD, wanda ya bazu bayan fitowar DVD a Japan a 1996, aka kuma fi saninsa da sunan kamfanin Amaray. Tsawonsa milimita 190, faɗinsa 135, kaurinsa 14. Ana yin sa da polifurofilin, irin robar bokiti da kujerun biki, wadda masanin Italiya Giulio Natta ya gano hanyar haɗa ta a 1954. Wannan roba tana lanƙwasa ta dawo, ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160, kuma fetur ba ya cinye ta yadda yake cinye polistirin. Gidan guda ɗaya ne ake zubawa, hinjinsa kuwa jikin robar ne aka sirantar, wanda ke jure buɗewa da rufewa sau dubbai. Aibinsa shi ne ba shi da haske garau, kuma yana cin wuri. Ana samun ƙananansa daidai girman CD.

Daga ƙarshe akwai ambulan na takarda ko na leda. Shi ne mafi araha da rashin nauyi, amma faifan yana gogar jikinsa duk shiga da fita, kuma ba ya hana lanƙwasa. Ledar PVC mai laushi ta fi muni, domin man da ake zuba mata don ta yi laushi yakan tsattsafo cikin zafi ya manne wa faifan.

LISSAFIN ƊAN KASUWA

Faifai 1,000 a babban gidan polistirin suna buƙatar kanta mai tsawon kimanin mita 10. A siririn gida mita 5 da ɗoriya, a gidan DVD mita 14, a ambulan kuwa kwali ɗaya matsakaici ya ishe su. Faifan kansa bai kai giram 20 ba, gidansa kuwa ya ninka shi nauyi sau da yawa. Ma'ana, mai jigilar faya-fayai a gidan roba yawancin kuɗin motar da yake biya na roba ne da iska.

Wannan lissafi ne ya tsara kasuwar Nijeriya. A shekarun 2000, lokacin da CD da VCD suka karɓi kasuwa daga hannun kaset, kaya suna tashi ne daga kasuwar Alaba da Idumota a Legas, da titin Iweka a Onica, da titin Pound a Aba, da Ƙofar Wambai a Kano, su bi manyan motoci zuwa ko'ina. Tsakanin Legas da Kano tafiya ce ta kimanin kilomita 1,000, ga lodi da saukewa a tasha-tasha. Ga kuma masu satar fasaha da suka danne farashi ƙasa, matsalar da ta kai Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ga kafa ƙa'idojin masana'antun buga faifai a 2006. A irin wannan yanayi gida mai gautsi da tsada bai da wurin zama, shi ya sa yawancin waƙoƙin gida suka fito a jakar kwali da aka naɗe da leda. Dabarar ta dace da cinikin yau da gobe, amma sakamakonta shi ne da yawa daga faya-fayan wancan zamani sun kuje sun daina aiki.

Akwai kuma batun ɗanyen kaya. Masana'antar sinadaran man fetur ta Eleme a Jihar Ribas, wadda kamfanin Indorama ya karɓa a 2006, tana samar da polifurofilin, matatar Ɗangote da ke Legas ma ta fara samar da ita a 2025. Saboda haka mai sha'awar ƙera gidajen ajiya a cikin gida ya fi kusa da robar da ta fi ƙarko. Ta fuskar shara kuwa, polistirin mai lamba 6 ba ta da masu saye kamar polifurofilin mai lamba 5 a wurin masu tattara tsohuwar roba. Dangin robar nan ce, a siffarta ta kumfa, Gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da ita wajen zuba abinci a watan Janairu na 2024.

KASUWA TA RAGU, DARAJAR AJIYA TA ƘARU

A Amurka an sayar da CD fiye da miliyan 940 a shekarar 2000. A 2022 adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 33, har faifan garmaho ya wuce shi a yawan ciniki a karo na farko tun 1987. A Nijeriya ma katin waya, da masu tura waƙoƙi a kasuwa, da sauraro ta intanet sun janye yawancin masu saye.

Sai dai raguwar ciniki ta sauya matsayin gidan faifai. A da, idan faifai ya lalace sai a sayi wani. Yanzu faya-fayai da yawa na waƙoƙi, da karatu, da wa'azi, da shirye-shiryen rediyo ba a ƙara buga su, wasu kuma kwafi ɗaya ne ya rage a hannun gidan rediyo, ko ɗakin karatu, ko iyalan mawaƙi. Yawancinsu a kan faifan da ake ɗaurawa a kwamfuta suke, wanda rubutunsa yana kan wani rini ne da hasken rana ke kashewa. Irin wannan faifai ya fi buƙatar gida mai duhu. Waɗannan ma'ajiyu, tare da ɗakunan ɗaukar sauti da asibitocin da ke ba majiyyata hoton gwaji a faifai, su ne kasuwar da ta saura, kuma kasuwa ce da ke neman nagarta fiye da araha.

A 2003 Cibiyar Ma'auni da Fasaha ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa jera faya-fayai a tsaye kamar littattafai, kowanne a gidansa, a wuri mai sanyin digiri 4 zuwa 20 da laimar kashi 20 zuwa 50 cikin 100. Shaguna kaɗan ne a ƙasar nan za su iya cika wannan sharaɗi, amma kowa na iya nisanta kaya daga taga, da rufin kwano, da daɓen ƙasa.

KAFIN A BIYA KUƊIN SARI

Gidaje biyu na iya yin kama a ido alhali nagartarsu ta sha bamban, domin wasu masana'antu suna rage kaurin bango ko su yawaita tsohuwar roba da aka niƙa a cikin zubin. Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a auna gida 10 na wannan da 10 na wancan a sikeli; marar nauyi shi ne aka rage wa roba. A ɗaga murfi a haske, idan akwai gajimare ko ɗigo-ɗigo to robar gauraye ce. A saka faifai a juya gidan a girgiza, idan ya motsa ko ya faɗo haƙoran ba su da kirki. A buɗe a rufe sau da yawa a ga ko hinjin yana sakin jiki.

Wajen jigila, a jera gidajen a tsaye a kan gefensu, a cike gurbin kwali yadda ba za su yi motsi ba, kada kuma a ɗora kaya masu nauyi a kai. Yana da kyau a yi yarjejeniya a rubuce tun kafin lodi kan wanda zai ɗauki asarar abin da ya fashe, a kuma sayi rarar murafe da farantai domin musanya.

Ga kayan da za a jera a shago mai inuwa, tsohon gidan polistirin mai kauri har yanzu yana biyan buƙata, kuma yana iya shekaru da dama ba tare da ya canza ba. Ga kayan da za su yi doguwar tafiya, ko su riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, polifurofilin ce ta dace. Ambulan kuwa na kayan rabo ne da na talla, waɗanda ba a sa ran za su daɗe. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, kuma ga faifan da babu irinsa a kasuwa, kuɗin gida nagari ƙanƙane ne idan aka gwada da abin da za a rasa.